Taku Huɗu Tsakanin Bango da Titi

Duk ginin da ke bakin titi yana da wani ɗan fili a gabansa, daga bangon shago zuwa inda kwalta ko burji ya fara. Wani wurin taku uku ne, wani wurin huɗu, wani wurin ma bai kai ba. Ba a rubuta shi a takardar haya, ba ya shiga lissafin bulo da siminti, in kuwa ka tambayi mai ginin ko na wane ne, sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Amma nan ne mai tafiya a ƙasa ke sa ƙafarsa, nan lambatu ke bi, nan darbejiya ke tsayawa in an bar ta, nan mai shayi ke kafa teburinsa. Na daɗe ina lura da gine-ginen da ke tashi a Diguel, kuma na kai ga cewa in kana son sanin ko sabon gini zai zama alheri ga unguwa ko zai zame mata ƙarfen ƙafa, to ka sauke idonka daga tsawon bene da ƙyallin tayil, ka dubi yadda aka yi da waɗannan taku huɗun.

Diguel tana gunduma ta 8 cikin gundumomi 10 na Njamena, ta wajen arewa maso gabas. Baƙo ya fi saninta da Fadar 15 ga Janairu, inda aka buɗe babban taron ƙasa ranar 15 ga Janairun 1993, aka kuma sake haɗuwa a can don taron tattaunawar ƙasa na 2022. Nan ne asibitin abota na Chadi da Sin yake, da babban otal ɗin nan da aka fara sani da Kempinski kafin ya koma Ledger Plaza. Manyan wurare ne masu katanga da ƙofa da masu gadi, kuma suna da dalilinsu na yin haka. Sai dai rayuwar unguwa tana bayansu: a kasuwar Diguel, a layuka, a bakin masallatai, a wajen masu tuyar ƙosai da masu gasa nama. Garin da ya fara a 1900 a matsayin sansanin sojan Faransa mai suna Fort-Lamy, aka sauya masa suna a 1973, ƙidayar 2009 ta same shi da mutum kimanin 950,000, yanzu kuwa ya wuce miliyan nesa ba kusa ba. Mafi yawan waɗannan mutane ba su da mota. Ƙafa ce, sai kilando, wato babur ɗin haya, sai ƙananan motocin haya. Kuma wanda ya hau kilando ma, da ƙafa ya zo bakin titi, da ƙafa zai ƙarasa gida.

Ginin da ya fi yawa a bakin manyan layukan unguwar yanzu iri ɗaya ne. Ƙasa shaguna: kantin magani, mai gyaran waya, tela, mai kayan masarufi. Hawa na farko ofis, ko wurin koyon kwamfuta, ko ɗan ƙaramin asibiti. Can sama gidajen haya. Da wuya a gina shi a tashi ɗaya. Mai fili yakan fara da shaguna, ya zuba dakin, ya bar kawunan rodi a tsaye suna kallon sama, ya sa 'yan haya, sannan da kuɗin hayarsu ya ɗora hawa na gaba bayan shekara biyu ko uku. Duk inda ka ga rodin nan a saman rufi, mai ginin yana gaya maka bai gama ba.

Ni ina goyon bayan irin wannan gini, kuma ba na ɓoye hakan. Matar da ke zaune a sama ba sai ta biya kilando don sayen maganin zazzaɓin yaro ba, matakala kawai za ta sauka. Telan da ke ƙasa ya san yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, in baƙon ido ya tsaya yana leƙe-leƙe shi zai fara tambayarsa wa yake nema. Da dare fitilar shaguna ke haska layi, da asuba kuma masu fita masallaci daga sama su ke ratsa gaban shagunan da aka kulle, don haka wurin ba ya zama kango a kowace sa'a. Ga kuma batun ƙasa. Njamena tana ta miƙewa, ta Toukra, ta Gassi, ta Lamadji, kuma kowane sabon fuloti da aka yanka can bayan gari yana jiran titi da famfo da wayar lantarki da makaranta, abubuwan da kan yi shekaru ba su iso ba. Iyali shida da suka zauna a saman shaguna a Diguel sun zauna ne inda waɗannan abubuwa suka riga suka fara isowa.

Turawa sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Tun 1961 Jane Jacobs ta yi rubutu daga birnin New York tana kare unguwar da gida da shago ke cuɗe, a lokacin da masu tsara birane ke raba wurin kwana daban, wurin aiki daban, wurin ciniki daban. A 2016 Carlos Moreno, malamin jami'a a Paris, ya fito da shawarar a tsara birni yadda mutum zai samu bukatunsa cikin tafiyar minti 15, magajiyar garin Anne Hidalgo kuma ta ɗauki shawarar a yaƙin neman zaɓenta na 2020. Bahaushe dai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Zauren gidan kakanninmu shi ne shagon baduku, shi ne makarantar allo, shi ne masaukin baƙo. A cikin birnin Kano akwai unguwa sukutum mai suna Soron Ɗinki, kuma kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 take tsakiyar gidajen mutane. Daga cikin gida mata ke yin fura da ƙuli-ƙuli, yara su fita da su talla. Ko Kantin Kwari, asalinsa shaguna ne a ƙasa, Kwarori 'yan kasuwa na kwana da iyalinsu a sama.

Abin da ya sauya shi ne kankare da tsawo, waɗanda ke ninka amfanin gini, su kuma ninka cutarwarsa. Akwai kuma wani abu da tsohon gida ke da shi wanda sabon ya yar: dakali. Mai gida da ƙasarsa da kuɗinsa yake gina shi, a wajen bangonsa, ba don kansa kaɗai ba. Tsoho ya gaji a hanya ya zauna, ɗan talla ya sauke tire ya huta, maƙwabta su taru bayan la'asar. Ba wanda ke neman izini. Wato mai gida yakan ɗebi wani abu daga nasa ya ƙara wa hanya. Yau an juya lamarin: daga hanya ake ɗiba a ƙara wa gini.

Na san dalili, kuma ba na raina shi. Gini a Njamena da tsada yake. Garin ba shi da dutse kusa, tsakuwa daga wajen Dandi ake kawo ta, can arewa kusa da Tafkin Chadi. Yashi daga kogin Shari. Akwai masana'antar siminti a Baoré kusa da Pala, akwai wata a Lamadji, duk da haka ana shigo da shi daga Kamaru da Najeriya. Kayan da suka biyo teku kuwa sai sun yi tafiyar kilomita wajen 1,800 daga Duwala kafin su tsallako gadar Nguéli. Mutumin da ya sha wannan wahala, in ya tsaya a filinsa da igiyar awo, kowane taƙi kuɗin haya yake gani. Idan ya tura bango gaba da kamu biyu, shago ya ƙara faɗi, haya ta ƙaru. Lissafin a bayyane yake. Abin da ba ya shiga lissafin shi nake so mu duba.

Tun ranar farko ake fara cin hanya. Tifa ta zo ta juye yashi a kan lambatu, wata ta juye tsakuwa a gefensa, leburori su share wuri a tsakiyar layi su kwaɓa siminti. Da kwana uku ne da sai a yi haƙuri, amma tunda gini hawa-hawa ake yi, tsibin yashin nan kan kwana a wurin har damina ta riske shi. Ruwan farko ya wanke rabinsa cikin lambatu, leda da bola su taru a bayansa, magudanar da aka kashe kuɗi aka gina ta toshe. Wannan na wucin gadi ne, in an so a kwashe. Wanda ba ya kwasuwa shi ne ciko.

Njamena shimfiɗaɗɗen gari ne, kusan babu gangare, ƙasarta kuma laka ce da ba ta shan ruwa da sauri. Ruwan shekara bai taka kara ya karya ba, milimita 500 zuwa 600 ne a shekarar da ta saba, amma mafi yawansa cikin Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Da can akwai kududdufai da ke karɓarsa, da yawansu an cike an yi gini a kai. Saboda haka duk mai sabon gini abin da ya fara tunani shi ne ya ɗaga daɓensa sama da na kowa. Wannan ya ɗaga kamu ɗaya, na kusa da shi da ya zo daga baya ya ɗaga kamu biyu, na uku ya ɗara su duka. Ruwan dai bai ragu ba. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a harkar ciko wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙonewa, kuma kullum bakin mai gidan ƙasa ne da ke baya, wanda ya riga kowa zuwa unguwar, wanda ba shi da kuɗin tifa goma ta jar ƙasa.

Na taɓa jin wani dattijon birkila yana magana da mai gini a bakin ramin fandisho. Ya ce, "Alhaji, in muka ɗaga nan yadda ka ce, ruwan layin ina zai bi?" Alhaji ya ce, "Baba, ni dai kada ya shigar mini shago." Dattijon ya ce, "Ba zai shigar maka ba, ranka ya daɗe. Gidan Hajiya na baya zai shiga, kuma ɗakunanta na ƙasa ne." Alhaji bai ce komai ba a lokacin. Daga baya na ga an bar wata 'yar hanyar ruwa ta gefen ginin, an rufe ta da murafun kankare da ake iya ɗagawa, an kai ta har babban lambatu. Bulo nawa ta ci? Bai kai na ɗaki ɗaya ba. Mutumin ba mugu ba ne, bai dai taɓa tsayawa ta bayan filinsa ba. Yawancin masu gini haka suke, kuma ba kowa ke dacewa da birkilan da zai iya buɗe baki ya faɗa masa ba.

Wanda ya zauna a gunduma ta 8 a daminar 2022 ba ya bukatar a tuna masa. An yi ruwan da aka shekara 30 ba a ga irinsa ba, har da kwalekwale mutane suka riƙa ratsa layukansu. A watan Oktoba kogunan Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, fiye da mutum miliyan 1 abin ya shafa a faɗin ƙasar. A 2024 ya fi haka muni: kusan mutum miliyan 2, an rasa rayuka sama da 500. Ba zan ce ciko ne ya kawo wannan ba, ruwan sama da cikar kogi sun fi ƙarfin mai shago. A 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don aikin kare Njamena daga ambaliya. Amma babbar magudana ba ta ɗaukar ruwan da bai iso gare ta ba, kuma hanyar isowarsa ita ce ɗan lambatun nan da ke gaban kowane shago. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga haka a Agustan 2022, lokacin da ruwa ya shiga shagunansu ya lalata atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kuma abin da bakin kowa ya kama shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa.

Ciko yana da wata ɓarnar da ba ta jiran damina. Daɓen da aka ɗaga yana bukatar matakala, kuma tunda ba a son ta ci cikin shago, sai a zubo ta waje har bakin kwalta. Gaban wannan shago tudu, na gaba rami, na gaba da shi an shimfiɗa tayil mai santsi, na can an gindaya janareta. Saurayi zai yi tsalle ya wuce. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Mai juna biyu, makaho da ɗan jagoransa, gurgu a kekensa, mai tura baron ruwa, 'yan makaranta da ke riƙe da hannun juna? Duk sai sun sauka kan kwalta, sun cuɗu da kilando da tifa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin waɗannan su ne suka fi bukatar kantin maganin da ke cikin ginin, kuma su ne ginin ya tura tsakiyar titi.

Sai inuwa. A watan Afrilu zafin Njamena kan haura digiri 40 kusan kullum. A irin wannan rana mai tafiya ba ya zaɓar hanya mafi kusa, gefen da ke da inuwa yake bi. Amma abu na farko da ake yi in za a fara gini shi ne sare darbejiyar da ke gaban fili, wai tana tare allon shago, wai saiwarta za ta fasa daɓe. Itacen da ya yi shekara ashirin yana girma, a kwantar da shi kafin azahar. A 2008 hukuma ta fara ƙoƙarin dasa itatuwa su kewaye birnin, a cikin birnin kuma muna rage waɗanda muka gada. Tsofaffin kantunan titin Charles de Gaulle da baranda aka gina su, hawan sama ya fito a kan ginshiƙai, mutane na wucewa ta ƙarƙashi. Mai gini bai rasa komai a sama ba, ɗakunansa na nan da faɗinsu, a ƙasa kawai ya ja bango baya. Dabara ce tsohuwa da ta dace da ƙasar rana, kuma ban ga abin da ya hana a dawo da ita Diguel ba.

A nan ne ma nake ganin masu gini sun yi kuskuren lissafi, ko da riba kaɗai suke dubawa. Wa ke sayayya a shagon unguwa? Mai ƙafa ne. Mai mota can babban kanti zai tafi. Mai ƙafa kuwa inda ya samu inuwa da wurin tsayawa nan yake rage sauri, ya gaisa, idonsa ya faɗa kan kaya, ya tuna sukari ya ƙare a gida. Ka lura da kowane layi: gefen da mai shayi da mai wankin takalmi da mai facin taya suka taru, nan shaguna ke da rai. Shagon da aka ɗora a kan tudu, rana na dukan ƙofarsa, ba wurin da mutum zai jingina, yakan sauya ɗan haya sau da yawa, mai shi yana cewa kasuwa ce ta lalace.

Akwai wasu haƙƙoƙin da ba a gaban gini suke ba, amma tushensu ɗaya. Tagar hawa na biyu da ke kallon tsakar gidan maƙwabci, har matansa su kasa sakewa a gidansu. Indararon da ke zuba a kan katangar wani. Ramin masai da aka haƙa dab da rijiyar burtsatsen maƙwabta. Da kuma zuba dakin a sama alhali mutane na ciniki a ƙasa, a kan ginshiƙan da tun farko ba a yi su don ɗaukar hawa uku ba. Benen da ya rufta ana kan aikinsa a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, ƙarshen Agustan 2022, ya danne mutane, ya isa ya sa kowa ya nemi injiniya kafin ya ƙara hawa.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gini, ya tattara hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya a kan haka: ruwan rufi, tagar da ke leƙa gidan wani, buɗe shago daura da ƙofar maƙwabci, cin hanya da gini. Hadisi ya ƙayyade zira'i bakwai in an yi saɓani a kan faɗin hanya, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Muna jin wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci, amma ban cika jin an kawo shi kan matakala da lambatu ba, alhali nan ne aka fi tauye shi a zamaninmu. Ina roƙon limaman unguwa su riƙa faɗa da sunansa.

Wani zai ce ai maganin abin sauƙi ne, hukuma ta kawo katafila. Mutanen Njamena sun san ɗacin wannan. A 2008 an rushe Gardolé da wasu unguwanni, ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka rusa cikin kimanin shekara guda, iyalai da dama suka kwana a fili. Rusau yana zuwa ne bayan an kashe kuɗi, bayan an sa 'yan haya, kuma ya fi faɗa wa marar gata. Lokacin da hukuma ke da amfani shi ne ranar da aka ja igiya, kafin a haƙa rami. Da ofishin gunduma zai sa alama ɗaya a kowane babban layi, a jikin turken lantarki ma ya isa, a ce ga iyakar tsawon daɓen gaban shago, ga inda bango zai tsaya, da gasar ciko ta mutu da kanta, domin ba wanda ke son kashe kuɗin jar ƙasa in ya tabbata na kusa da shi ba zai ɗara shi ba. Bulama ko mai unguwa ya fi kowane ma'aikaci sanin inda ruwa ke kwanciya, a sa shi cikin maganar tun farko. Magina kuma su yi koyi da dattijon nan, su riƙa faɗa wa mai gini gaskiya ko da ba ita ya zo ji ba.

Kai kuma mai fili a Diguel da ke shirin gini, Allah ya sa albarka, ka yi shagunanka a ƙasa, ka yi gidajenka a sama, unguwa na bukatarsu. Amma kada ka sa a haƙa fandisho sai ka je wurin da kanka ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka na baya, ku fito tare da birkilanka, ku ga inda ruwan ke bi, sannan a ja igiya.